Malamin Da Ya Ƙaro Ilmin Kwamfuta: Aji Zai Koma, Ko Ofis?

Jama'a masu karatu, musamman 'yan'uwanmu mutanen Bauci da ke neman abinci a Agege da Idi-Araba da Sabon Badun da Shagamu da Fatakwal, yau muna so mu duba wani al'amari wanda wasunku suka riga suka ci karo da shi ta hanyar aljihunsu. A da, in waya ta zo daga gida, maganar ba ta wuce ta taki ko kuɗin asibiti ko kayan ɗakin amarya. Yanzu an sami ƙari. Ƙane ne malamin firamare a mazaɓar Ɗan Iya cikin birnin Bauci, ko ƙanwa mai koyarwa a wata sakandaren 'yammata, za su ce sun sami gurbin karatun digiri na biyu a fannin tsara darussa ta kwamfuta da wayar hannu, a taimaka musu da kuɗin rajista. Mai sayar da shanu ko mai canjin kuɗi da aka yi wa wannan roƙo yana da haƙƙin ya tambaya, shin mene ne wannan karatu, wa kuma zai ci moriyarsa?

Da fari dai ya kamata a raba iya kwamfuta da iya tsara darasi, domin mutane da yawa suna cakuɗa su. Yaron da ke zaune a shagon buga takardu a kasuwar Wunti ya iya kwamfuta, watakila ma ya fi farfesa saurin hannu, amma ba ya iya koya wa ɗan aji uku karatu da ita. Mai tsara darasi shi ne wanda zai zauna tun kafin a kunna na'ura ya tambayi kansa, me nake so yaron nan ya iya yi in ya gama, wanda jiya bai iya ba? Sa'an nan ya gutsuttsura abin zuwa ƙananan matakai, ya yanke shawarar inda murya za ta wadatar da inda sai an nuna hoto, da inda za a tsaya a yi wa yaro tambaya don a gane ko yana biye. In ya gama kuma ba ya sakinsa haka nan, sai ya gwada a kan yara kaɗan, ya ga inda suka yi tuntuɓe, ya koma ya gyara. A aji, malami yana kallon fuskokin yara, in ya ga sun yi shiru irin na rashin fahimta sai ya sake bayani. Wayar hannu ba ta ganin fuska. Saboda haka dukan abin da malami zai yi da ido da hankali a tsakiyar darasi, tilas mai tsarawa ya hango shi ya gina shi a ciki tun da wuri.

Alal misali, a ce ana so a koya wa 'yan aji huɗu rabi da sulusi da rubu'i. Wanda bai koyi aikin ba zai kafa waya a gaban allo ya ɗauki kansa yana magana na minti arba'in, ya tura wa iyaye. Uban da ya ga girman abin ba zai ma buɗe ba, don ya san zai cinye masa data ta mako guda. Wanda ya koyi aikin kuwa zai yi saƙon murya na minti uku da Hausa, ya ce wa yaro ya ɗauko rake ko ƙuli-ƙuli ya raba wa ƙannensa uku daidai wa daida, ya haɗa da hoto guda ɗaya mara nauyi, ya ƙare da tambaya biyu da yaron zai amsa ta saƙo. Zai kuma tuna cewa wayar ta uba ce, tana fita da shi kasuwa da safe, sai bayan sallar isha'i take dawowa gida, ga shi kuma ba kullum ake samun wutar Nepa ta caji ba. Har ƙananan abubuwa irin su ɓ da ɗ da ƙ, waɗanda wayoyi da yawa ba sa zuwa da su sai an saka musu, aikinsa ne ya yi tunaninsu, domin yaron da ake koya wa karatu in aka rubuta masa "kafa" a inda ake nufin "ƙafa" an ɓata masa tushe. Wannan duka sana'a ce da ake koya, kuma tana da wuya.

Ba sabuwa ba ce a duniya. A Amurka ta samo asali, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da aka bukaci horar da ɗimbin sojoji cikin ɗan lokaci. Ingila ta kafa Buɗaɗɗiyar Jami'arta a 1969, ta fara ɗaukar ɗalibai a 1971, kuma abin da ya sa ta yi suna shi ne kowane kwas ƙungiya ce ke haɗa shi: masanin fannin, da ma'aikacin gidan rediyo da talabijin na BBC, da ƙwararre kan dabarun koyarwa wanda ke zama kamar lauyan ɗalibi a cikinsu. Mu ma nan Nijeriya mun taɓa hanyar. Da aka shiga shirin ilmin firamare kyauta a 1976 aka rasa isassun malamai, sai aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI, a Kaduna, wadda ta horar da malamai suna zaune a garuruwansu ta hanyar littattafan da aka tsara don mai karatu shi kaɗai. Tsofaffin malaman Bauci da yawa ta nan suka sami takardunsu.

To, me ya sa maganar ta taso da ƙarfi a waɗannan shekaru? Annobar korona ce ta fara tona asiri. A watan Maris na 2020 aka rufe makarantu a ƙasa baki ɗaya, kuma Bauci na cikin jihohin da abin ya fara taɓawa, tunda Gwamna Bala Mohammed kansa ya kamu a cikin watan nan. Watanni yara suna gida. 'Ya'yan masu hali a Legas da Abuja suka ci gaba da darasi ta intanet, na talakawan Arewa kuwa abin da ya rage musu shi ne rediyo. Bauci ta ɗan yi sa'a, domin tun daga 2015 akwai shirin da hukumar agaji ta Amurka, USAID, ke ɗaukar nauyi a jihar da kuma Sakkwato, wanda ya samar da littattafan koyon karatu da Hausa masu suna Mu Karanta, saboda haka akwai abin da za a iya juyawa zuwa darasin rediyo. A 2022 kuma Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya da UNICEF suka buɗe wani rumbun darussa na intanet wanda ke da sashen Hausa. Tun daga lokacin, dalilan rufe makaranta ba su ƙare ba. A 2025 kaɗai Jihar Bauci ta ba da dogon hutu na wajen mako biyar don azumi, sa'an nan a ƙarshen shekarar ta rufe makarantu saboda tsoron masu satar ɗalibai bayan abin da ya faru a jihohin Kebbi da Neja. Kowace rufewa tana dawo da tambaya guda: in yaro ba ya aji, da me zai koya?

Ga kuma jarrabawa. Tun 2015 ba a rubuta jarrabawar shiga jami'a ta JAMB sai da kwamfuta, kuma a 2025 Gwamnatin Tarayya ta bayyana niyyarta ta mai da jarrabawar gama sakandare ma haka. Yaron da bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba sai ranar jarrabawa ya riga ya faɗi rabin faɗuwa kafin ya karanta tambayar farko.

Ku da ke zaune a Kudu kun ga wani ɓangare na amsar da idonku. Wanda ke da ɗa a firamaren gwamnati a Legas ya san cewa tun 2019, a ƙarƙashin shirin EKOEXCEL, malamai suna shiga aji da ƙaramar kwamfutar hannu wadda darasin ranar ke rubuce a cikinta daki-daki. Jihar Edo ta riga su da shekara guda da shirinta na EdoBEST. Ana ta gardama a kan tsarin, wasu na yabawa don ya rage fashin malamai, wasu na kuka cewa ya mai da malami aku mai maimaita abin da aka ba shi. Abin da ya dame mu a nan shi ne, wani ne ya zauna ya rubuta darussan nan, kuma a jihohin biyu kamfani mai zaman kansa aka ɗauko ya yi jagora. In irin wannan tsari ya iso Bauci, kuma alamu na nuna Arewa ba za ta daɗe tana kallo ba, wa zai rubuta? In jiha ba ta da nata masu tsarawa, dole ta saya daga waje, kuma ɗan Ɗan Iya zai koyi lissafi da misalan da aka tsara wa yaron da bai san dawa da gero ba.

Kada kuma a ɗauka sayen na'ura shi ne maganin. Jamhuriyar Nijar ta fara koyarwa ta talabijin a 1964 da taimakon Faransa. Kwaddibuwa ta yi abin da ya fi haka girma daga 1971, ta cika ajujuwan firamare da akwatunan talabijin, amma zuwa farkon shekarun 1980 ta watsar da shirin. A 2007 aka raba wa yaran wata firamare a Galadima kusa da Abuja ƙananan kwamfutoci, aka yi ta ɗaukar hotuna, abin bai yi nisa ba. Jihar Osun ta raba wa 'yan sakandare nata allon kwamfuta, Opon Imo, a 2013, shi ma yau sai labari. A kowanne an kashe kuɗi a kan ƙarfe da gilashi fiye da yadda aka kashe a kan mutumin da zai sa su yi amfani. Ganin kitse ake yi wa rogo.

Saboda haka mu a ganinmu ƙanen nan naku da ke neman wannan digiri bai yi kuskuren zaɓi ba. Abin da ya zaɓa ana bukatarsa ƙwarai. Matsalar tana wani wuri dabam, kuma tsohuwa ce, Bauci ta san ta fiye da kowane gari a Arewa.

Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya gama Kwalejin Katsina a 1933, ya dawo ya koyar a Makarantar Midil ta Bauci har ya zama shugabanta. A 1945 yana cikin malaman Arewa na farko da aka tura Cibiyar Nazarin Ilmi ta Jami'ar Landan don su ƙaro sanin aikin koyarwa. Ya dawo a 1946. Aji bai sake samunsa yadda ya saba ba: aka ba shi aikin kula da makarantun En'e, a shekarar nan ya shiga Majalisar Arewa, a 1947 ya zo Majalisar Dokoki nan Legas, ya zama minista a 1952, ya zama Firayim Minista a 1957. Malam Aminu Kano, wanda shi ma ya koyar a makarantar nan ta Bauci daga 1942, ya bi sawunsa zuwa Landan a 1946, ya dawo ya kafa ƙungiyar malaman Arewa, aka mai da shi Maru, ya ajiye aikin koyarwa a 1950 ya shiga siyasa gaba ɗaya. Ba mai cewa ƙasa ta yi asara da su biyun, Allah Ya jiƙan su. Amma in aka tambayi yaran Midil na lokacin, su dai sun rasa malamansu biyu mafi ƙwarewa, kuma jirgin da ya kai su ƙaro ilmi shi ne ya fara raba su da allo.

Wannan tsani har yau bai sake ba. Malami yana farawa da takardar NCE, daga Kwalejin Ilmi ta Aminu Saleh da ke Azare ko ta Kangere, ya yi fama ya sami digiri na farko, yawanci a karatun hutu. In ya yi niyyar na biyu, ga Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa a gida, wadda aka kafa a 1980 kuma take da tsangayar horar da malaman fasaha, ga Bayero a Kano, ga Ahmadu Bello a Zariya, ga kuma Jami'ar Karatu Daga Gida, NOUN, wadda Shugaba Shagari ya kafa a 1983, soja suka dakatar a 1984, aka farfaɗo da ita a 2002, tana kuma da cibiya a Bauci da digiri na biyu a fasahar koyarwa. Wannan ta ƙarshe ta fi dacewa da mai iyali, don ba sai ya bar aiki ba, kuma yajin aikin malaman jami'a, irin na wata takwas da aka yi a 2022, ba ya tsai da ita. Amma kuɗin daga aljihunsa zai fito, ko daga naku. Asusun TETFund da ke biya wa malamai karatun digiri na biyu da na uku na malaman jami'o'i ne da kwalejoji, malamin firamare da na sakandare ba su ciki. Abin da ke isowa gare su daga hukumar UBEC bita ce ta 'yan kwanaki, a ba su takardar halarta da kuɗin mota. Ga tsadar rayuwa tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu na 2023, ga kuɗin data da aka yarda kamfanonin waya su ƙara da kashi 50 cikin 100 a farkon 2025, alhali karatun nan data shi ne tawadarsa.

To, mutum ya sha wannan wuya ya gama, ya dawo makarantarsa da takarda. Me zai tarar? Aji ɗaya mai yara fiye da yadda benci zai ɗauka, ba soket a bango, hedimasta kuma ba shi da wani gurbi mai suna mai tsara darussa da zai sa shi a ciki. Ƙarin girma a aikin gwamnati ya fi bin shekarun aiki, kuma in ya zo, zuwa ofis yake kai mutum. A gefe guda kuwa, digiri na biyun nan shi ne takardar da kwalejin ilmi da jami'a ke nema kafin su ɗauki malami. Ƙungiyoyin agaji ma suna nemansa, ko da yake wannan ƙofa ta ƙuntata tun da gwamnatin Amurka ta rushe USAID a 2025. Akwai kuma wata sabuwar ƙofa da Malam Abubakar bai sani ba: mai wannan sana'a yana iya zama a ɗakinsa a Bauci ya tsara wa wani kamfani a Legas ko Landan kwas ɗin horar da ma'aikata, a biya shi abin da ya ninka albashinsa. Wa zai zarge shi in ya tafi? Yana da 'ya'ya, yana da bashin kuɗin makaranta a wuyansa. Sakamakon dai shi ne, gari ya yi asarar malami nagari, iyali sun sami ma'aikaci mai albashi, yaran Ɗan Iya kuma suna nan inda suke.

A nan za mu ɗan ratse mu ja kunnen masu biya. Ba kowace takarda mai wannan suna ce ke ɗauke da sana'ar ba. Akwai inda ɗalibi zai shekara biyu yana haddace sunayen masana na Turai, ya rubuta kundi a kan "ra'ayin malamai game da kwamfuta" ta hanyar raba takardun tambaya, ya fito bai taɓa haɗa darasi ko ɗaya da yaro ya yi amfani da shi ba. Akwai kuma 'yan damfara. Ku na Legas kun fi kowa sanin labarin ɗan jaridar nan da ya sayo digiri daga Kwatano cikin mako shida, labarin da ya fito a ƙarshen 2023, abin da ya sa gwamnati ta dakatar da amincewa da takardun jami'o'in Binin da Togo a watan Janairu na 2024. Intanet cike take da irinsu. Wanda aka roƙa kuɗi ya tambaya ko Hukumar Jami'o'i ta Ƙasa ta san da makarantar, sa'an nan bayan zangon farko ya ce a turo masa darasi guda da aka tsara, ya ba ɗansa na nan Agege ya gwada. In yaron ya gane, kuɗin yana aiki.

Babban nauyin dai yana kan Gwamnatin Jihar Bauci da hukumarta ta ilmin firamare. Abin da ake bukata bai kai kuɗin kwangilar sayen kwamfuta dubu ba. A buɗe gurbi a tsarin aiki, da matakin albashi nasa, ga malamin da ya ƙware a tsara darussa, yadda zai iya hawa har sama ba tare da ya bar makaranta ba. A tattara irin waɗannan malamai su zama ƙungiya ɗaya tare da ma'aikatan gidan rediyon jiha, su riƙa haɗa darussan Hausa da Turanci na murya da na waya tun makaranta tana buɗe, maimakon a jira ranar da za a rufe ta a fara guje-guje. A kuma ɗaura musu sharaɗin kowa ya riƙe ajinsa kwana biyu ko uku a mako, domin mai tsara darasin da ya daina jin hayaniyar yara, cikin shekara biyu zai fara tsara wa yaran da babu su. Wanda jiha ta biya wa karatu ya sa hannu zai yi mata aiki na wasu shekaru, kamar yadda aka saba tun zamanin En'e. Wanda ya biya wa kansa, ko yayansa na Idi-Araba ya biya masa, a mayar masa da wani abu in ya yarda ya zauna.

Wasu za su ce jihar da har yanzu take fama da yaran da ba su zuwa makaranta sam, da ajujuwan da iska ta kwashe rufinsu, ba ta kai ga wannan ba tukuna. Maganarsu tana da nauyi, kuma rufi ya riga waya. Amma a tuna cewa yaron da ba ya zuwa makaranta, da matar auren da aka cire daga aji biyu na sakandare, da almajirin da ke son koyon boko da dare, da ɗan Fulani a ruga, su ne ainihin waɗanda darasin murya zai iya kaiwa gare su, tunda rediyo da ƙaramar waya sun riga sun isa inda ginin gwamnati bai isa ba. Ƙungiyoyin 'yan asalin Bauci da ke taro duk wata a Legas da Badun suna iya sa wannan magana cikin takardar da suke miƙa wa Gwamna da 'yan majalisa in sun zo ziyara, a gefen maganar hanya da ta asibiti.